Ruwa Ya Yi Hazo, Itace Ya Yi Gashi: Amsoshin Wasiƙunku Kan Sabon Tankin Kifi

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan sabon tanki suka zo, sai na zaɓi shida daga ciki. Na gajarta wasu saboda ƙarancin fili, amma lambobin da masu su suka turo ban taɓa su ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi tankin gilashi mai cin lita 60, na wanke yashi, na cika shi da ruwan famfo, na kunna matata, washegari na zuba kifin zinare shida. Kwana biyar lafiya lau. Daga nan suka daina cin abinci, suna taruwa a saman ruwa suna haki, yanzu biyu sun mutu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ruwan garau yake, har bangon ɗaki nake hangowa ta cikinsa. Ko dai marasa lafiya aka sayar min?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Da wuya a ce duk shidan da cuta suka zo, cutar kuma ta jira kwana biyar sannan ta taso musu a tare. Abin da ka bayyana ya fi kama da gubar da kifin suka zuba wa kansu, kuma gubar nan ba ta da launi. Garau ɗin da kake gani bai gaya maka komai ba.

Kifi yana fitar da amoniya dare da rana, mafi yawanta ta wurin numfashinsa da ke gefen kai, sauran kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe. A kogi ruwa ne ke wucewa da ita. A lita 60 da gilashi ya kewaye babu inda za ta, sai in akwai masu cinye ta. Masu cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne, irin waɗanda masanin nan Sergei Winogradsky ya fara ganowa a cikin ƙasa tun a wajajen 1890. Rukuni na farko suna mai da amoniya ta koma naitirait. Shi ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, jinin ya rine ya koma ruwan ƙasa, sai ka ga kifi yana haki ko da ruwan cike yake da iska. Rukuni na biyu su karɓi naitirait su mai da shi naitiret, wanda kifi ke iya zama da shi muddin bai taru da yawa ba, shi ne kuma ake ragewa da canjin ruwa na mako-mako.

Matatar da ka kunna, a ranar farko, inji ne da soso kawai. Sai ƙwayoyin nan sun kafu a jikin soson da tsakuwa sun yi yawa sannan take zama matata ta gaske, sannan ne ake cewa tanki ya nuna. Ga su kuma da jan ƙafa wajen hayayyafa. Bakteriya ta gama-gari takan rabu gida biyu cikin minti 20 zuwa sa'a guda idan ta sami abinci, su kuwa waɗannan sai sun kusa kwana. Shi ya sa nunar tanki ke cin mako huɗu zuwa takwas. Kai ka ba shi dare ɗaya.

Yanzu ga abin yi, yau ba gobe ba. Ka zuƙe rabin ruwan ka zuba sabo wanda ka ɗiga wa maganin kashe kulorin, zafinsa kuma ya zo daidai da na cikin tankin. Maganin nan kada ka tsallake shi. Da yawa suna cewa in ruwan famfo ya kwana a bokiti kulorin ya fita, kuma haka ne ga kulorin zalla, amma wasu hukumomin ruwa kuloramin suke sawa, shi kuwa kwana ba ya korarsa. Ka tsayar da abinci kwana biyu cur, babu abin da zai same su. Bayan nan sau ɗaya a kwana biyu, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti guda.

Sai kayan gwajin ruwa, irin na ɗigo, wanda ke auna amoniya da naitirait da naitiret da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru. Na san ana ganin kamar ƙarin ɓarnar kuɗi ne, kuma galibi shi ake bari a kanti a ɗauki fitila mai launi-launi. To shi ne idonka a cikin ruwan nan. Ka ɗebi mililita 5 a 'yar kwalbar gwaji, ka ɗiga maganin yadda takardarsa ta ce, ka girgiza, ka jira minti biyar, sannan ka kara kwalbar a jikin farin ɓangaren katin launukan da ya zo da kayan, cikin hasken rana, ba ƙarƙashin fitilar tanki ba. A irin wanda nake amfani da shi, gwajin amoniya rawaya ne idan babu komai, yana juyawa zuwa kore gwargwadon yawanta. Na naitirait shuɗi ne mai haske, idan akwai guba ya koma shunayya, wani lokaci tun ɗigon bai gama sauka gindin kwalba ba. Duk ranar da ɗayansu ya haura miligiram 0.5 a lita, ka canja kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan. Kullum za ka auna, har ranar da duka biyun suka tsaya a sifiri mako guda.

Ka lura da pH ɗinka ma, domin shi ke nuna ƙarfin gubar. A pH 7 kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne na amoniyar ke cikin siffarta mai ƙuna. A pH 8 ya kai wajen kashi biyar, ninki goma kenan, kuma zafin ruwa yana ƙara ta. Idan naitirait ya bayyana, gishiri zalla ƙaramin cokali ɗaya a kowace lita 40 yana rage shigarsa jini. Gishiri ba ya bin tururi ya fita, don haka na ruwan da ka zubar kaɗai za ka mayar.

In kana da aboki mai tsohon tanki da kifinsa ke lafiya, ka roƙi yankin soson matatarsa, ka kawo shi a jiƙe cikin ruwan tankinsa, ka cusa a taka. Babu abin da ya kai wannan rage kwanaki. Tsohon ruwa kuwa kada ka wahalar da kanka da ɗauko shi, ƙwayoyin a jikin abubuwa suke manne, ba yawo suke a ruwa ba.

Magana ta ƙarshe ba za ta yi maka daɗi ba. Kifin zinare yana kai santimita 15 zuwa 20, wasu su wuce, kuma yana cikin masu yawan ƙazanta. Huɗun da suka rage sun fi ƙarfin lita 60 ko da tankin ya nuna. Ko dai babban tanki, ko ka nema wa wasunsu wani gida.

Tambaya: Malam barka da aiki. Tankina kwanansa tara, ban sa kifi ba tukuna, tsirrai ne kawai da itace. Ranar farko ruwan tas, a rana ta uku sai ya yi fari kamar an ɗiga madara. Na zubar da kashi uku cikin huɗu na sa sabo, da safe ya dawo fiye da jiya. Na cire soson na wanke a famfo, na sake canja ruwa, duk a banza. Na gaji da ɗaukar bokiti. Wane magani zan saya?

Amsa: Hajiya, ki ajiye bokitin nan ki huta. Babu maganin da za ki saya.

Farin hazo iri biyu ne, kuma lokacin zuwansa ke raba su. Wanda ya tashi a take, ranar da aka zuba ruwa, ƙurar yashi ce da ba ta wanku ba. Ki ɗebi ruwan a kofin gilashi ki bar shi ya kwana. In da safe kin ga gari-gari ya kwanta a gindi sama ta washe, ƙura ce, ɗan audugar tacewa a cikin matata zai kwashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Naki kuwa sai da ruwa ya yi tas sannan ya juya a rana ta uku, kuma na tabbata in kin yi gwajin kofin ba abin da zai kwanta. Wannan ƙwayoyin bakteriya ne masu rai suka cika ruwan, yawansu ya kai har ido yana ganinsu.

Ba su ne waɗanda muke jira su kafu a matata ba. Waɗannan masu cin ruɓaɓɓen abu ne: ganyen da ya narke bayan dasawa, zaƙin da sabon itace ke saki, takin da ke cikin ƙasar tsirrai. Su ne masu rabuwa cikin mintoci da na ambata a amsar baya. A tsohon tanki akwai ƙananan halittu da ke cinsu, akwai kuma masu yin gasar abinci da su. A sabo fili nasu ne su kaɗai. Idan kika zubar da kashi uku cikin huɗu, ragowar kashi ɗayan rabuwa gida biyu sau biyu kawai suke buƙata su koma yadda suke, aikin 'yan sa'o'i, ga kuma sabon ruwa da ya zo musu da nasa guzurin. Abin da kike gani da safe kenan. In an ƙyale su sukan cinye abincin su rasa na gaba, ruwan ya washe da kansa, galibi cikin kwana uku zuwa mako guda, wani lokaci ya kai biyu. Sau da yawa a dare ɗaya yake faruwa, a kwanta da hazo a tashi babu.

Wankin soso a famfo shi ne ya fi damuna a wasiƙarki. Garin neman gira za a rasa ido. A tsohuwar matata ɗauraya ɗaya ba ta kashe komai da komai, amma a ta kwana tara ƙwayoyin kirkin ba su taka kara sun karya ba, sai ga kulorin ga murza. Ki bar soson nan har wata guda, sai fa in ruwa ya daina ratsa shi. Ranar da za ki wanke, a cikin ruwan da kika zuƙo daga tankin za ki matse shi sau biyu ko uku ki mayar. Ba a so ya koma sabo fil.

Abu ɗaya da hazon nan ke iya jawowa shi ne ƙarancin oksijin, don su ma numfashi suke. Ki ɗaga bakin matata ruwan ya riƙa karya saman tankin, ko ki sa dutsen iska. Ki tsince duk ganyen da ya yi laushi ya zama rawaya. Shi ke nan.

Magungunan washe ruwa da ake sayarwa, aikinsu su dunƙule ƙananan abubuwa matata ta kama. Suna yi wa ƙura aiki. A kan masu rai kuwa kwana ɗaya ne ko biyu su dawo, tunda abincinsu yana nan. Ga wanda hazo ya same shi da kifi a ciki: kwalbar gwaji ce za ta ce a canja ruwa, ba ido ba.

Tambaya: Malam, na sa wata saiwa mai rassa da yawa da na saya a shagon kayan kifi. Bayan mako guda wani farin abu mai yauƙi ya lulluɓe ta, yana kaɗawa idan ruwa ya motsa. Na ciro ta na goge na tafasa, bayan kwana huɗu ya dawo. Yarana sun ce itacen ya ruɓe. Zai kashe min kifayen gupi? In jefar da ita?

Amsa: Kada ki jefar, 'yar'uwa, kuma ki gaya wa yaran itacen lafiyarsa ƙalau. Kusan duk wanda ya taɓa sa sabon itace a ruwa ya ga wannan, kuma saiwa mai siraran rassa irin taki, wadda galibi saiwar azaliya ce, ta fi kowane itace yin sa.

Itace ko ya bushe akwai ragowar sukari da sauran abinci a cikin jikinsa. Da ya jiƙa sai su fara tsatsowa, fumfunar ruwa da bakteriya su taru a kai su yi wannan lulluɓi. Ki matsa kusa da gilashi ki duba da kyau. Za ki ga ya fi kauri a inda aka yanke reshe da inda ɓawo ya saɓule, domin ta nan abincin ke fita. Fari ne mai ɗan haske, kina iya hango itacen ta cikinsa, wani wuri da 'yan kumfa a maƙale. Ki taɓa da yatsa, zai saɓule ya taho a dunƙule. Tafasawa ta kashe na waje ne kawai, abincin yana can ciki, shi ya sa ya dawo. Zai yi ta dawowa, kowane karo ƙasa da na baya, har abincin ya ƙare. Mako biyu zuwa shida ne ga yawancin itatuwa.

Ba ya cutar da kifi mai lafiya. Gupi ma za ki ga suna tsattsagarsa. Dodon koɗin ruwa da ƙananan jatan lande kuwa biki ne a wurinsu, in kin sa dodon koɗi da dare, da safe za ki ga hanyar da ya bi a share. Amma kada ki sayo su don wannan aiki alhali tankin bai nuna ba, musamman jatan lande da ɗan kifin nan mai lasar gilashi da ake kira oto, domin ba sa jure amoniya ko kaɗan. In ganinsa ne ya dame ki, ranar canjin ruwa ki riƙe tsohon buroshin haƙori a hannu ɗaya, siririyar mesa a ɗayan, kina gogewa kina zuƙewa, kada ya watsu ya toshe matata. Sabulu ko bilic kada su kusanci itacen, yana sha ya riƙe, ya zo ya saki a cikin tanki.

Akwai dai abubuwan da ba shi ba, kuma gara ki san su. In kin ciro itacen kin ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko kin danna da farce ya lotsa yana marmashewa, wannan ruɓa ce ta gaske, ki kankare wurin har ki isa mai tauri, in duk jikinsa ne ki haƙura da shi. In kuma tsiro ne gajere, baƙi ko toka-toka, a tuttuje, wanda ya kama itacen gam ba ya saɓulewa, gansakuka ce mai taurin kai, ba ta tafiya da kanta. Ita ana ciro itacen ne a fesa mata haidurojin faroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, a bar shi 'yan mintoci, a ɗauraye a mayar, bayan kwanaki ta yi ja ko fari ta mutu. Shimfiɗa mai santsi kore-shuɗi mai warin ƙasa, da ke ɗagowa fale-fale, ita ma wata aba ce daban, tana son wurin da ruwa ba ya gudu. Ƙura-ƙura ruwan ƙasa a gilashi da ganye kuwa ta sabon tanki ce, a goge kawai, takan wuce. Wanda zai sa ki tashi tsaye shi ne farin gashi a jikin kifin kansa, a baki ko fiffike ko kan rauni. Wannan kifin ya riga ya jikkata ko ruwa ya gajiyar da shi. Ki ware shi, ki auna ruwa kafin komai.

Tambaya: Itacen mopani na sa, ruwan ya koma launin shayi. Sannan akwai wani busasshen reshe da na tsinto, ya ƙi nutsewa. Zan iya amfani da shi?

Amsa: Launin nan sinadarin tanin ne, kuma mopani, wanda daga kudancin Afirka ake kawo shi, ya yi suna wajen sakinsa, wata da watanni. Ba guba ba ne. Kifayen da asalinsu daga baƙaƙen kogunan Amazon suke, irin su tetra, a cikin irin wannan ruwa kakanninsu suka rayu. Yakan ɗan saukar da pH idan ruwanka mai laushi ne, sai ka riƙa dubawa. In launin ne ba ka so, ka tafasa itacen sa'a ɗaya ko biyu kana zubar da ruwan, ko ka jiƙa shi a bokiti kana canjawa, ka kuma sa gawayin tacewa na musamman a matata, kana sabunta shi duk bayan 'yan makonni. Ni dai ina son launin, amma wannan ra'ayi ne.

Reshen da ka tsinto, in ba ka san bishiyarsa ba ka bar shi a waje. Ɗanye, mai ƙaro, mai ƙamshi, mai farin ruwa idan an karya, ko wanda aka taɓa yi wa fenti ko feshin maganin ƙwari, duk ba sa shiga tanki. In ka san shi, mai tauri ne kuma ya bushe ƙayau, ka ɓare ɓawon, ka tafasa, ka ɗaure shi a jikin dutse da zaren kamun kifi. Iska ce a cikinsa, in ya sha ruwa zai zauna, ko da zai ɗauki makonni.

Tambaya: Ruwan tankina ya zama kore shar har ba na ganin kifi. Yana kusa da taga.

Amsa: Ka amsa wa kanka, Malam. Ƙananan gansakuka ne masu yawo a ruwa, hasken rana da ragowar abinci suka yi musu taki. Canjin ruwa ba ya gama da su. Ka kashe fitila, ka lulluɓe tankin da bargo mai kauri ta kowane gefe kwana uku zuwa huɗu, matata da injin iska suna aiki, ba leƙe. Sannan ka canja rabin ruwa, ka raba shi da tagar, fitila kuma sa'a 6 zuwa 8 a rana. In ya ƙi, fitilar UV ta cikin matata, mai hasken da ke kashe ƙananan halittu, tana share shi cikin 'yan kwanaki.

Tambaya: Malam, ni na ce ba zan sa kifi ba sai tanki ya nuna. Lita 100 ne. Kullum ina ɗiga amoniya ta kai miligiram 2 a lita, na kuma zuba bakteriyar kwalba. Mako na biyu amoniya ta fara sauka, naitirait ya bayyana. Yanzu mako na biyar, naitirait ya ƙure katin gwaji, amoniya ma ta daina sauka, pH ya faɗo daga 7.4 zuwa 6. In zubar in sake daga farko?

Amsa: A'a, ranka ya daɗe, kada ka zubar. Kai ne ka bi hanyar da nake so kowa ya bi, kuma ka fi kusa da ƙarshe fiye da yadda kake zato. Lambobinka sun faɗi abin da ya faru.

Fara da lissafi. Miligiram 1 na amoniya yana zama kusan 2.7 na naitirait, daga nan ya zama kusan 3.6 na naitiret. Kai kana zuba 2 kullum, wato sama da 5 na naitirait kowace rana, alhali rukuni na biyu, masu cinye naitirait, ba sa fara yawa sai abincinsu ya samu, kullum a baya suke zuwa. Katin gwaji da yawa a 5 yake tsayawa. Naka zai iya zama 20 ko 40, launin ɗaya ne. In kana son sanin gaskiya, ka haɗa kashi ɗaya na ruwan tanki da kashi tara na ruwa mai tsabta, ka auna, ka ninka sakamakon sau goma.

Sai pH. Aikin ƙwayoyin nan yana fitar da tsami, yana kuma cinye kabonet ɗin da ke riƙe pH, wajen miligiram 7 a kan kowane miligiram na naitirojin da suka sarrafa. In ruwanka mai laushi ne, mako biyar na ɗigo kullum ya isa ya ƙarar da shi. Da pH ya sauka ƙasa da 6.5 sai aikinsu ya yi sanyi, a 6 kuwa kusan tsayawa yake. Ba su mutu ba, zaune suke.

Tunda babu kifi, ka canja kashi 70 ko 80 cikin ɗari na ruwan ba tare da fargaba ba, da maganin kulorin, ba tare da ka taɓa soso ko yashi ba. Wannan zai kwashe tarin naitirait ya dawo da kabonet. In bayan kwana biyu pH ya sake zamewa, ka narka ƙaramin cokali ɗaya na sodar bikabonet a lita ɗarin nan, ka sake aunawa. Ka rage amoniya zuwa miligiram 1, sau ɗaya a kwana biyu ko uku, ba za su mutu da yunwa ba. Zafin ruwa ya zauna tsakanin digiri 26 da 29, iska ta wadata, matata kada ta huta dare ko rana. In wuta ta ɗauke ta daɗe, ka ciro soson ka sake shi a cikin tankin, ya fi masa zama a rufaffiyar matata da ruwa ba ya gudu.

Bakteriyar kwalba kuwa, wata tana aiki wata ba ta yi. Shekaru da dama ana ɗauka Nitrobacter ce ke cinye naitirait a tankin kifi, har binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka ya nuna a 1998 cewa a tankunan ruwan daɗi Nitrospira ce ke riƙe da aikin. Don haka ka duba jikin kwalba ka ga wace aka rubuta. Ko mai kyau ce, in ta sha zafi a ajiya ko kwananta ya wuce, ruwa ka saya. Soson tsohon tanki ya fi min ita.

Yadda za ka san ya nuna: ka ɗiga amoniya ta kai 2, bayan sa'a 24 amoniya sifiri, naitirait sifiri, naitiret kuma ya hau. Ka maimaita kwana biyu ko uku a jere. Wajen gwajin naitiret ka girgiza kwalbar maganin sosai yadda takarda ta ce, don sinadarin yana kwanciya a gindi, in ba ka yi ba zai nuna maka sifirin ƙarya. Kafin kifi su shigo ka yi babban canjin ruwa naitiret ya sauko ƙasa da 20, ka daidaita zafi da irin kifin da za ka sa, ka daina ɗiga amoniya. Ka fara da kashi ɗaya cikin uku na kifin da ka yi niyya, ka riƙa aunawa kullum a makon farko, sauran su biyo baya bayan mako biyu.